Lalle a Yatsan Sadiku

Talata da dare, Yuli 2007

Na dawo daga shago a kasuwar Terminus na tarar an wanke ƙofar gida, daidai inda masu rigakafin shan inna ke rubutu da alli. Sai da na ce wa matata Hadiza kada a ɗiga wa ɗanmu Sadiku komai, ana cewa yana hana haihuwa.

Na ɗauki yaron, sai ga lalle a ƙaramin yatsansa, inda suke shafa tawada.

"Wasa ya yi da kwanon, Baban Sadiku," ta ce, ba ta dube ni ba.

Da yatsa ɗaya?

Na sani, ƙanenta gurgu ne, tsoro take ji. Amma in ta iya ɓoye wannan, saura me? Sadiku ya kusa shekara huɗu, har yanzu ba ta yi masa ƙane ba.