Kada Ku Gaggauta wa Maraƙin Jar Saniya Harawa

Da sunan Allah Mai rahama. Ni Isaka, mai nono na Yantala a nan Yamai, ina rubuta wannan hankalina ɗaya, ko da yake ƙirji ya ƙi ni. Zuwa ga ɗiyana, Halidu da Hasan da Hajjo.

Na ɗaya. Gado ku raba yadda addini ya ce. Roƙona kawai, jar saniya mai ciki kada a sayar da ita, kada a raba ta, sai ta yaye abin da za ta haifa. Shekarar da soja suka karɓi mulki na iso garin nan daga Dogondutsi, fari ya cinye garkenmu, uwar saniyar nan kaɗai nake ja da igiya. Nononta ne ya kai ku karatun lakwal. Ga fari ya komo, ɗiyarta jar saniyar nan ce ta rage mana.

Na biyu, kuma shi ya fi damuna. In ta haihu, dakashi, nonon farko, na maraƙi ne duka. Bayan haka ku tatsi rabi, ku bar masa rabi, ko masu saye sun yi layi a ƙofa. Ku aje masa ruwa mai tsabta da ɗan dusa a tasa, ya riƙa lasa. Harawa kuwa sai kun gan shi kwance yana tuƙa, yana cinye dusarsa, wajen wata biyu ke nan. Ku fara da ganyen harawar wake mai laushi, cikin tafin hannu. Karan gero da busasshiyar ciyawar burgu ta gulbi ku bar wa manya. Cikin ɗan maraƙi bai iya su ba tukuna.

Na uku. Hasan, ka daina kiran yayanka wanda ya kashe maraƙin bara. Halidu ya tura shi ga kara da wuri ne don ku sami nonon kunu, lokacin da muke jiran dawar da soja ke rabawa. Na ga cikin maraƙin ya kumbura, ƙafafu sun rame. Na kuma ga Halidu yana kuka bayan garke. Ya isa haka.

Hajjo, hannunki saniyar ta sani, ke za ki riƙa tatsa. Yayyenki su saurare ki.

Na yafe muku duniya da lahira. Allah Ya yi muku albarka, Ya kawo damina mai kyau. Ku ci tuwo a kwano ɗaya, ko kuna fushi da juna.