Na ba baƙona katin bankina, yanzu an rufe mini asusu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, tun da na shiga kasuwa ban taɓa rasa dabara ba sai wannan karon.

Ni dilan kafet da labule ne a nan Abuja, daga tallar darduma a ƙofar masallaci na taso. Wanda ya ɗaga ni wani dattijo ne ɗan Turkiyya, shekara da shekaru yana aiko mini da kaya bisa yarda, ko takarda ba mu taɓa rubutawa ba. Kwanaki ya turo ɗansa, bari in kira shi Yusuf, ya zo ya ga kasuwarmu, dattijon ya ce mini a waya, "Alhaji, amana na ba ka." Na hana yaron kama otal, na sauke shi a gidana a Kurudu.

Tun ranar farko muka ga matsala. Katinsa na can ya ƙi aiki a POS, dalar hannunsa kuma kullum sai an shiga gari wajen 'yan canji, ga mai tsire, mai keke, har matar da ya sayi tukwane a wurinta a Ushafa, kowa cewa yake a yi tiransifa. Shi kuwa baƙo ne, ba shi da asusu a nan. Na ce in riƙa biya masa, ya ƙi, wai babansa zai yi faɗa in ya ji ya ɗora mini nauyi. Sai ya ce yana da kirifto, wato kuɗin intanet, a waya, zai riƙa sayarwa a intanet, masu saye su turo naira asusuna, shi kuma ya kashe da katina. Na duba na ga ba riba ba asara, na miƙa masa katin shago. Ban tambayi su waye masu turowar ba.

Makon jiya kwastoma ya turo kuɗin labule suka ƙi shiga. Na je banki, manaja ya ja ni ofis ya ce, "Oga, an kai ƙara." Sun rufe asusun. Ashe cikin masu sayen kirifton akwai wanda ya biya da kuɗin damfara, bincike ya biyo sawu har asusuna. An ce in je gaban masu binciken in faɗi wanda ya yi cinikin, in ba haka ba ni ne mai laifi. Wani lauya ya ce mini in na ambaci Yusuf za a iya riƙe fasfonsa, wataƙila har a tsare shi.

Gida ba zaman lafiya. Matata ta ce in kai shi, 'ya'yana sun fi ɗan wani, har ta ce wayon nawa a shago kawai yake aiki. Ƙanena ya ce in sa yaron a jirgi ya tafi sannan in faɗi sunansa, na ce ai wannan shi ne zai sa a ce baki muka haɗa. Yusuf kuwa ya daina cin abinci, ya nuna mini komai a wayarsa, wallahi na yarda bai sani ba, kuma ya dage sai ya bi ni ya yi bayani da bakinsa. Yaron ko Turancin kirki ba ya ji.

Ranar Litinin ake nemana. Jiya baban Yusuf ya kira, bai san komai ba, yana ta godiya wai Yusuf ya ce yarana Kawu suke ce masa, ya tambaye ni ko ɗansa yana lafiya. Na ce lafiya ƙalau.

Jama'a, musamman lauyoyi da ma'aikatan banki da ke cikin nan, in tafi ni kaɗai in ɗauki abin a kaina, ko in riƙe hannun amanar da aka ba ni in shiga da shi? Kuma me zan ce wa dattijon in ya sake kira?