Gam Uku a Cikin Komadugu

Diffa, ranar Talata

Zuwa ga ɗana Lurwanu, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyalinka a Damagaram. Mu ma lafiya lau, in ban da gwiwa. Mai rubutun tasha ne ke riƙe da alƙalami, amma maganar tawa ce.

Saƙonka ya iso. Wai in wani ya sake faɗuwa a matakalar kwalekwalena, za ka sayar da shi ka kai ni Damagaram in zauna kan tabarma. To, wa ya gaya maka Hajja Hamsatu ta zame da kwandon tattasai? Shekara talatin matakalar nan ba ta kayar da kowa ba, sai da ka turo Babakura kafinta ya kankare ta, ya shafa man ƙyallin da kuke ce wa berni, ta koma kamar bayan tarwaɗa. Yanzu kuma shi ne ya kawo gam a gwangwani, wai a manna robar taya a kowane mataki, ƙusa tana ruɓar da itace. Wanda ya kawo santsi shi ya kawo magani. Ban ce kun haɗa baki ba, amma ina kallo.

Na manna roba a katako uku: ɗaya da ƙaro irin na kakanninmu, ɗaya da kwalta, ɗaya da gam ɗinsa. Na ɗaure su da igiya na jefa Komadugu. Kwana bakwai ruwa zai yi shari'a.

Ka gaida jikokina. Mahaifinka, Grema.

Diffa, ranar Laraba ta sama

Ɗana Lurwanu, gaisuwa da fatan alheri. Yaya zazzaɓin matarka? Allah ya sawwaƙe.

Jiya na jawo igiyar. Na ƙaro babu robar ko alamarta. Mai rubutu ya ce ƙaro narkewa yake a ruwa. Ni na ce an taɓa min igiya, don ɗaurin da na tarar bai yi kama da nawa ba. Na kwalta ya zauna, amma da rana ta bugi katakon sai robar ta sulale, ta bar min baƙi a riga. Na ukun kuwa na ja da hannu, na sa wuƙa, har haƙori na sa. Bai motsa ba.

Matan lambu sun fara shiga jirgin wasu, ga tsinkar tattasai ta kama, shi ya sa na manna robar da gam ɗin Babakura. Sai dai na bi gefen kowace roba da kwalta, duk wanda ya gani ya ce aikina ne. Hajja Hamsatu ta hau yau, ta buga ƙafa sau biyu, ta shiga. Babakura ya zo ya shafa, ya shinshina, ya tafi. Wannan shinshinar tasa ba ta kwanta min ba.

Tabarmarka ka naɗe ta. In Babakura ya ji zancen gam, daga bakinka ne ko na mai rubutun nan.

Allah ya yi maka albarka. Mahaifinka, Grema mai kwalekwale.