Faranti na Biyu a Ɗakin Kayan Baba

Mount Gambier, 9 ga Mayu

Yaya Narelle,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kin koma Darwin lafiya. Ya yara, ya ƙarin haƙurinmu? Mama tana nan ƙalau. Maƙwabta ba su daina kawo abinci ba, firji ya cika da naman rago kala bakwai, duk ɗanɗano ɗaya. Rubutowa na yi don a gidan nan ko tari aka yi a waya Mama tana ji.

Kin san na daɗe ina so in daina hayar rigar nitso irin ta 'yan yawon buɗe ido, in koma goya faranti da fiffiken iska kamar Baba, wato farantin da ake ɗaure tukunyar iska a jikinsa a baya, da jakar iskar da ke riƙe mutum a ruwa. Shekara goma yana min gori a kai. Tunda ni ya bar wa kayansa, jiya na shiga ɗakin kayan in ga abin da zai yi min. Farantinsa yana rataye inda kika sani, ƙarfen nan mai kilo uku, ɗamara ɗaya tal ta zagaye shi daga kafaɗa har ƙugu, da ƙaton fiffike na mai goya tukunyar iska biyu. Na saka, ya zazzago min kamar na ari rigar ɗan dambe.

Sai na ga wata jaka a bayan injin yankan ciyawa. Yaya, akwai faranti na biyu.

Ƙarami ne, na alminiyam, fiffikensa na tukunya ɗaya. Ɗamarar ta sha ruwa har ta yi laushi, ta lanƙwashe daidai jikin mai ita, kuma akwai yashi a zobban ƙarfen da ke jikinta. Gajeren mutum aka auna wa, mai siririn ƙugu. In taƙaice miki, mace ce.

Ba wannan ne ya zaunar da ni a kan bokiti ba. A kafaɗar hagu an yanke ɗamarar an sa maɓalli, irin wanda ake dannawa ya buɗe, har da ɗan soso a ƙarƙashinsa. Baba fa. Mutumin da ya ƙi shiga ruwa da tsohon mijina saboda maɓalli ɗaya irin wannan, ya ce wanda ya yanke ɗamara ya gaji da duniya. Kuma ɗinkin nasa ne, na san zarensa.

Na kai wa Warwick mai shagon kayan nitso, wanda muka sani a matsayin abokin nitsonsa na kowace Laraba. Ya kalli farantin, ya kalli ƙofa, ya tambaye ni ko zan sha shayi. Da na matsa, sai ya ce shi rabonsa da ruwa shekara shida, tun da bayansa ya lalace. Na ce to da wa Baba yake shiga? Ya ce, "'Yata, ba daga bakina za ki ji ba."

Ke nan duk Laraba Mama tana coci tana saƙa da 'yan ƙungiyarsu, shi yana cikin ramin ruwa a gonar wani, da wata. Ni ina ganin haƙƙinta ne ta sani. Me kika ce?

Taki,
Tamsin

Darwin, 15 ga Mayu

Tamsin,

Ina gaishe ki, yara suna gaishe ki. Wasiƙarki a mota na karanta ta a bakin asibiti, na kasa fitowa sai da aka kira ni a waya aka ce majinyata suna jira.

Kada ki kuskura ki faɗa mata. Ke a jami'a kike, gaskiya a wurinku abin rubutawa ne a allo. Ni na yi jinyar matar nan shekara shida da suka wuce, lokacin da aka cire mata nono. Har yau hannunta na hagu ba ya ɗaguwa ya wuce kafaɗa. Ni na hana ta ɗaukar ko kwandon wanki, ni na hana ta tuƙi mai nisa. Wata ɗaya da binne mijinta za ki je mata da wannan? Matar da ko bakin teku muka je a mota take zama?

Shekara shida, kin ce. Wato tana kwance da ɗinki a ƙirji shi yana can yana auna ƙugun wata. Na rasa a ina zan ajiye wannan. Na tuna wata 'yar ƙaramar mata mai koren kwat a wurin jana'iza, ta ci kek yanka huɗu ba ta yi wa kowa ta'aziyya ba. Ina zargin ita ce.

Ga abin da za ki yi. Ki zare ɗamarar nan ki jefa a shara, ki sa sabuwa, ki ce farantin saye kika yi. Dama kina nema, ga shi kin samu. A rufe maganar nan a tsakaninmu.

Ki tabbatar tana shan maganinta.

Yayarki,
Narelle

Mount Gambier, 23 ga Mayu

Yaya,

Ina gaisuwa. Ki nemi wuri ki zauna, ba a mota ba.

Na yi abin da kika ce, karo na farko a rayuwata, kuma ina so a rubuta a ajiye. Litinin na zare ɗamarar na jefa a shara. Talata motar shara ta zo. Jiya na sayo sabuwa mita huɗu, na saka rigar ruwana mai kauri, don ba a auna faranti a kan singileti, na fita bayan gida ina gyarawa yadda Baba yake yi: ki kai hannu bayan wuya ki taɓo saman farantin, ki zura yatsu uku a ƙarƙashin ɗamarar kafaɗa, ki buɗe hannuwa ki dawo da manyan yatsu ƙirji su faɗa kan zobba ba tare da kin duba ba. Nawa a iska suke ta faɗawa.

Mama tana kan matakala da kofin shayi. Ta ce zobbana sun yi ƙasa, in ɗaga su yatsa biyu. Ta ce igiyar tsakanin ƙafafu ta yi sako-sako, ina shiga ruwa tukunyar za ta hau min ƙeya. Na ce a raina, shekara arba'in tana jin Baba, dole wani abu ya maƙale. Sai ta ce alminiyam ba nawa ba ne, mai jiki irin nawa a ruwan sanyi ƙarfe take so, in ba haka ba sai na yi ta jibga dalma a ƙugu kafin in nutse. Ta sauko ta juya ni kamar 'yar firamare, ta ga farantin. Ta sa yatsa a kan wani ƙarzo da ke gefensa.

Ta ce, "Ina ɗamarata?"

Yaya, ita ce.

Na gaya mata inda ɗamarar take, da abin da muka zata. Ban ɓoye sunanki ba. Ta zauna a kan ciyawa da rigarta mai kyau. Ta ce bayan aikin da aka yi mata kowa ya mayar da ita tangaran, har mu, musamman mu. Baba ne kaɗai ya kai ta wurin iyo, daga nan ƙaramin tafki, daga nan ramukan ruwa. A cikin ruwa hannun ba ya mata nauyi. Ƙarfe yana danne mata tabon, shi ya sa suka zaɓi alminiyam. Sati uku yana gyara mata ɗamarar, kullum faɗin yatsa ɗaya, amma hannun ya ƙi shiga. Ya kwana biyu yana zagaya almakashi kafin ya yanke, yana ɗinki yana zagin kansa. Sun shiga ruwa sau ɗari biyu da goma sha huɗu. Da ita ya yi na ƙarshe.

Na tambaye ta saƙar Laraba fa? Ta ce safar da take ba mu duk Kirsimeti a kasuwar coci take saye. Mai koren kwat ɗin nan ce take saƙa su.

Ni mai digiri biyu na riƙe maɓalli a kafaɗar hagu, ke ma'aikaciyar jinya kika rubuto min da hannunki cewa hannunta na hagu ba ya ɗaguwa, kuma muka haɗu muka gano mai koren kwat.

Abin da ba shi da ban dariya shi ne, ɗinkin nan shi ne aikin hannunsa da take sawa a jikinta, kuma ni na jefar. Na kira wurin zubar da shara, an ce an riga an binne na Talata. Tun jiya ba ta ce min komai ba sai "ga abinci".

Taki,
Tamsin

Mount Gambier, 30 ga Mayu

Narelle 'yata,

Ina gaishe ki, ki shafa min kan jikokina. Ina shan maganina.

Kun zaci ubanku yana da wata. Na gode da kuka ɗauka ƙuguna ne na budurwa.

Tamsin ta yanke sabuwar ɗamara ta ɗinka min maɓalli. Ɗinkinta ba kyau, amma na ja da ƙarfi bai saki ba. Na sa ta sayi nata farantin, na ƙarfe, kuma na gyara mata zobban.

Ba a shiga ruwa mutum ɗaya, abokin nitsona kuwa ya tafi. Ita za ta tsaya a wurinsa. Kada ki wahalar da kanki kiran likitana, shi ya sa hannu a takardar izinin nitsona tun farko.

In kin kira ranar Laraba ba ki same mu ba, muna saƙa.

Mahaifiyarki,
Glenys