Ƙanena Ya Binne Karan Gandunmu

Malam, ka taimake ni da shawara tun kafin in yi abin da zan yi da-na-sani, don wallahi raina ya kai maƙura.

Ni manomi ne a Zakka. Gandu ɗaya muke nomawa da ƙanena Hashimu tun rasuwar mahaifinmu. Ni na yi ta fama da fartanya shi yana makarantar aikin gona, ya dawo da babur da dogon Turanci. Bana da aka gama girbi na tafi biki Babban Duhu, kafin in dawo ya sa an kwashe karan dawar kaf, an daddatsa, an zuba a ramuka, an yayyafa masa ruwa da wani gari da ya zo da shi a kwalba. Wai wasu halittu ne da ido ba ya gani, za su cinye taurin karan ya zama abincin shanu mai laushi. Na leƙa, fumfuna ce fari fat, sai warin tsiya. Abin da mata ke zubarwa in ya kama tuwo, shi aka kai shi makaranta ya koyo.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Baffa Daudu. Tun muna yara shanunsa ke sauka gonarmu da kaka, su ci kara su bar mana taki. Ko shekarar fari bai tsallake mu ba. Bana ya iso da garkensa ya tarar da gona kamar an share tsakar gida. Ka san Fulani da kunya. Ya gaishe mu har da tambayar jikin Inna, ya kora shanunsa gonar maƙwabcinmu Barau. Da na yi wa Hashimu magana, sai ya ce zamanin man fetur ne, buhun takin zamani ya fi kashin shanu. Ɗan da na goya! Na tsani ganin babur ɗin nan. Niyyata in cinna wa ramukan wuta, in kira dattawa a raba gandun kowa ya kama gabansa.

Mai Ɓacin Rai, Zakka

AMSA

Mai Ɓacin Rai, ajiye ashanar nan. Jiƙaƙƙen kara ba ya kamawa, dariya kawai za ka ba mutanen gari.

Ƙanenka ba shirme yake ba. Kara yana da wani sinadari mai tauri, liginin, wanda cikin saniya ba ya iya narkarwa. Akwai fumfuna, dangin naman kaza da ke fitowa a ruɓaɓɓen kututture, mai cinye wannan taurin. Masana na kan gwaji, wani lokaci a dace, wani lokaci komai ya ruɓe. To, wanda ke gwaji ba ya zuba karan gandu duka. Nan ya yi wauta, ya kuma yi rashin kunya da bai jira yayansa ba. Maganarsa kan taki ma ba daidai ba ce, don na buhu ba ya riƙe ƙasa kamar na shanu.

Kai ma a duba ka. Wasiƙarka ta fi zafi a kan babur da makaranta. Fushin nan ya girmi ramukan, kuma ba dalilin raba gandu ba ne alhali Inna na da rai.

Ku yanka wa Hashimu kusurwa ɗaya ta gwaji kowace kaka, sauran karan na shanu ne. Sannan ku ɗauki goro da damin harawa ku tafi rugar Baffa Daudu a makon nan. Hashimu ne zai ba da haƙuri da bakinsa, kai ka yi shiru. Kada ku jira dattijon ya yi ƙorafi, ba zai yi ba. In ba ku je ba, baɗi dai za ku ga shanunsa sun wuce ta bakin gonarku ba su tsaya ba.

Allah ya huci zuciyarka, ya bar ku tare.

Malam Armaya'u