Jan Biron Malamar Aji Huɗu

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar taki? Kin je an duba, ko har yanzu man zafi kike shafawa kina cewa da sauƙi? Mu nan lafiya lau, sai dai Auta da yake haƙori ya hana kowa sakat.

Yaya, albishirinki. Matar nan mai buga littattafai da na aika wa babi uku na farko ta kira ni jiya. Ta ce labarin ya kwanta mata, in kai shi cikakke kafin ƙarshen wata, in na wuce haka za ta ba wani gurbin, don littafi biyu kacal take fitarwa a shekara. Ina bakin aiki a ɗakin katin asibitinmu ta kira, ga layin marasa lafiya har waje. Sai da na laɓe bayan kantar fayil na taka 'yar rawa, sannan na fito na haɗe rai na ci gaba da kiran lamba.

Kin dai san yadda nake rubutun nan shekara huɗu ke nan. Ba ni da tebur. Littattafan 'yan makaranta masu shuɗin bango nake saya dozin guda, mu raba ni da 'yata Babba, ita ta yi aikin ajinta, ni in yi labarina. Shafi ɗaya a motar ma'aikata da safe, rubutun duk a karkace saboda ramukan hanya. Shafi ɗaya lokacin hutun rana, biro a dama, cokali a hagu. Da yamma kuma a tsaye gaban murhu, kafin tukunya ta tafasa. Akwai shafin da mai ya ɗiga a kai, akwai wanda Auta ya ɗanɗana. Littafi huɗu na riga na buga su a kwamfutar ofis bayan an tashi. Saura na biyar, wanda ƙarshen labarin yake ciki, shafi sittin.

Baban yara da na gaya masa ya ce Allah Ya ba da sa'a, sannan ya tambaye ni ina safarsa. Ba mugunta ba ce, injinan masana'antarsu ne suka cika masa kai.

Zan gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba. Na yi wa kaina alkawari, in watan nan ya ƙare ban kai littafin ba, na ajiye biro ke nan. Na gaji da zama rabi a ofis, rabi a gida, rabi a cikin labari. Ki taya ni da addu'a.

Ki gaishe min da kowa da kowa.

Taki har kullum,
Ƙanwarki Sarkin Surutu

Yayata,

Ina gaisuwa, da fatan wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Na ji daɗi da kika je asibiti. Ki riƙa shan maganin a kan lokaci, ban da bari da zarar kin ji dama-dama.

Yaya, littafi na biyar ya ɓata.

Ranar Lahadi da yamma na gama babin ƙarshe, na ajiye shi a kan firij kamar kullum. Litinin da safe ana ta hada-hadar fita, wannan na neman takalmi, wancan na kuka, ban duba ba. Sai a mota na buɗe jaka na ga wayam. Na ce ai yana gida. Da na dawo babu shi babu dalilinsa.

Ba inda ban birkice ba. Na ja firij, na ɗaga katifa, na zazzage kwandon wanki, har kwandon shara na tona da hannuna maƙwabciya tana kallona ta taga. Na tsare Baban yara na ce ko ya yage ya goge baƙin man hannunsa. Ya rantse, na ƙi yarda, muka yi kwana biyu gaisuwa kawai. Na yi faɗa a gidan nan irin wanda ban san na iya ba. Har cewa na yi duk wanda ya taɓa min littafin nan ya kashe ni da raina, kuma a gaban yara na faɗa.

Na gwada sake rubutawa daga ka. Na san abin da ya faru a labarin, amma maganar ta ƙi zuwa, duk abin da na rubuta sai ya fito kamar rahoton ofis. Jiya na ba wani tsoho katin mai juna biyu, shugabata ta kira ni gefe ta ce ko ina bukatar hutu.

Babba ce kawai take tausaya min. Ba ta cin abincin kirki, tana wanke-wanke ba tare da na sa ta ba. Yarinya 'yar shekara goma ta fi ubanta lura.

Saura kwana shida. Ina jin abin ya ƙare, kuma ya yi min ciwo fiye da yadda na zata.

Ki gaida maigidan da yara.

Ƙanwarki

Zuwa ga Yayata ta kaina,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku baki ɗaya. Na samu amsarki, na kuma ji faɗan da kika yi min a kan zafin rai. Na karɓa, kin fi ni gaskiya. Yanzu ki gyara zama.

Ranar Juma'a malamar ajin su Babba ta aiko tana son ganina. Na nemi izini a ofis na tafi ina ƙunƙuni, na ce ga wata sabuwa kuma. Dattijuwa ce mai gilashi a kan hanci, irin waɗanda suke kallon mutum ya tuna laifin da ya yi tun yana aji ɗaya. Ta zaunar da ni a kan bencin yara, gwiwata har haɓa, ta jawo tarin littattafai masu shuɗin bango guda arba'in, ta zaro ɗaya daga tsakiya. Tun kafin ta buɗe na hango ɗigon man.

Ashe a saurin safiyar Litinin Babba ta sure shi daga kan firij a zaton na aikin gidanta ne, ta miƙa tare da na 'yan ajinsu. Malama kuwa bi da bi take dubawa, sai Alhamis ta iso kansa. Ta ce ta buɗe tana neman insha'i a kan damina, sai ta tarar da mace tana haɗa kaya za ta bar gari. Ta zauna ta karance shi tas, har abincinta ya huce.

Yaya, da jan biro ta karanta! Ta ce hannunta ne ya saba. Duk inda na manta waƙafi ta sa min, ta ja layi ƙarƙashin kalma goma sha ɗaya. A shafin ƙarshe ta rubuta: "Ina jaririn da ta bar wa maƙwabciya a shafi na goma? Har labari ya ƙare ba ta koma ɗaukarsa ba. Bakwai bisa goma." Na duba, wallahi gaskiyarta. Na manta da ɗan mutane a gidan maƙwabta shafi hamsin. Na yi dariya har da hawaye.

Dariyar ba ta daɗe ba. Malama ta cire gilashi ta ce, "Maman Babba, 'yarki tun Talata ta gane abin da ta yi. Duk satin nan ba ta ɗaga hannu a aji ba. Ta kasa gaya min, ta kasa gaya miki." Aka kira ta. Ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen rigarta, ta ce, "Umma, ai kin ce wanda ya taɓa ya kashe ki." Kunya ta rufe ni. Ni ina ta yabon yarinya tana tausaya min, ashe tsorona ne ya hana ta cin abinci. Na durƙusa a gaban allo na ba ta haƙuri, da na dawo gida na ba ubanta.

Saura kwana biyar a lokacin, ga shafi sittin ba a buga ba, ga jariri da za a ɗauko. Sai gani na yi Baban yara ya dawo da kwamfutar abokin aikinsa a jaka. Ranar Asabar ya saɓa Auta a kafaɗa, ya yi shara, ya ɗora tukunya, ya ƙona mana abinci, muka ci muna yaba masa. Ni kuwa na rufe kaina a ɗaki. Babba tana karanto min, ina bugawa, tana tsayawa tana cewa, "Umma, wannan wace kalma ce, ko a rami kika rubuta ta?" Ita ta ba ni shawarar matar ta sauka daga mota ta koma ta ɗauki ɗanta, ko da motar za ta tafi ta bar ta. Haka na yi, kuma ya fi ƙarshen da na rubuta da farko.

Ranar Talata na kai, saura kwana ɗaya. Jiya matar ta kira ta ce an karɓa, za a fara gyara wata mai zuwa.

Amma ba shi ne abin da ya fi taɓa ni ba. Ranar Asabar ɗin, da na buɗe ƙofa zan sha ruwa, na tarar da kwali manne a jikinta, rubutun Baban yara ne da baƙin mai a gefe: "A yi a hankali, Umma tana aiki." Shekara huɗu ina wannan rubutu a ɓoye kamar mai satar lokaci, ko a zuciyata ban taɓa kiransa aiki ba. Ya ce kada a cire, duk Asabar daga safe zuwa azahar ɗakin nawa ne.

Ki gaida mutanen gida, ki kula da ƙafar nan.

Taki mai ƙaunarki,
Ƙanwarki Sarkin Surutu