Kwalbar man kifin Baba tana cikin jakarki

Umma, na fita kina barci, ban so in tashe ki ba.

Kada ki wahalar da kanki da neman ƙwayoyin man kifin Baba, ni na ɗauke. Jiya da ya yanke wajen aske gemu, na ga jinin ya daɗe bai tsaya ba, yana ta canza auduga yana ɓoyewa a aljihu. Kin san yana shan maganin tsinka jini, ga shi ya ninka man kifin da abokinsa ya kawo masa, wai ai abinci ne, iyo kawai ya rage masa ya koya. Na yi dariya tare da kowa, amma na san haɗa su na iya ƙara zubar jini. Na buɗe baki zan faɗa masa, kunya ta hana ni.

Kwalbar tana cikin jakarki. Don Allah idan kun je asibiti yau, ki nuna wa likita ita, ya faɗi ko zai ci gaba da sha.

Idan ya yi faɗa, ki ce autarsa ce. Gara ya yi fushi da ni yana da lafiyarsa.